Yadda Za Ka Bi Da Esin Motar Haibirid Ba Tare Da Ka Gasa Batirinta Ba

Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ganin Prius da Camry Hybrid, wato motocin haibirid masu haɗa injin fetur da babban batir, suna ƙaruwa a titunan Bauchi, kuma da yake na riga mutane da dama hawa irinsu, sai na zama wurin kawo ƙara. A tare ni a ƙofar masallaci, a ja ni gefe a wurin ɗaurin aure. Tambayoyin ba sa wuce uku. Yaya aka yi esi ke sanyi alhali inji a kashe yake? Me ya sa inji ke tashi da kansa ina tsaye ban taɓa komai ba? In riƙa kashe esin ne don tsimin mai? Na gaji da amsawa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara, domin a kansa sauran bayanin ya rataya. A yawancin waɗannan motoci, babban batirin da ke wajen kujerar baya iskar cikin mota yake shaƙa, wadda kai ma kake shaƙa. In kana zufa, shi ma yana gasuwa, kuma kuɗinsa ya fi na man da kake tattali nesa ba kusa ba.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: littafin motar, tocila, tsohon buroshin haƙori, ƙaramin ma'aunin zafi, da ledar nan mai ƙyalli ta rufe gilashin gaba.

1. Gane irin kwamfuresar da ke motarka

A mota ta yau da kullum, bel ne ke juya kwamfuresar esi, wato famfon da ke matsa gas ɗin sanyi, daga jikin inji. Inji ya mutu, sanyi ya mutu. Ita kuwa Prius, tun daga samfurin 2004, kwamfuresarta da lantarki take aiki, tana jan wuta daga babban batir. Haka Camry Hybrid daga 2007, da Highlander Hybrid, da Lexus RX 400h. Shi ya sa za ka tsaya a cunkoson Wunti, inji ya yi tsit, sanyi na ci gaba da zuba. Wata fa'idar kuma ita ce, ba a gudu ɗaya take juyawa ba: kwamfutar motar na ƙara mata sauri ko ta rage gwargwadon zafin da ke ciki.

Amma ba duka ba ne. Tsofaffin haibirid na Honda, irin su Insight, da bel suke aiki, don haka iskarsu kan ɗumama in inji ya kashe kansa a wurin tsayawa. Civic Hybrid ta 2006 zuwa 2011 kuma ta haɗa biyun, bel da lantarki.

Buɗe bonet ka haska tocila. In ka ga waya mai kaurin gaske launin ruwan lemo ta shiga jikin kwamfuresa, taka ta lantarki ce.

*Gargaɗi:* kallo kawai na ce. Duk wayar da ke da launin ruwan lemo a motar haibirid tana ɗauke da wutar da za ta iya kisa. Kada ka taɓa, kada ka bar yaron shago ya ja ta "don ya gani".

2. Sai ka ga READY

Nan sababbin shiga ke faɗawa. In ka danna maɓallin tayarwa ba ka taka birki ba, fitilun dashbod za su kama, rediyo ya yi magana, fanka ta busa iska, amma kwamfuresa ba za ta motsa ba. Iska mai zafi za ka sha, sannan kana zuƙe ƙaramin batir mai bolt 12, wanda ba ya samun caji sai motar tana READY. In ya mutu, ko babban batir a cike yake, motar ba za ta tashi ba. Taka birki, danna maɓalli, jira kalmar READY ta fito, sannan ka waiwayi esi.

3. Kori zafin da ke ciki tukuna

Motar da ta wuni a rana a bakin kasuwar Muda Lawal cikin watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan taɓa digiri 40, cikinta ya fi wajen zafi ƙwarai. Sauke gilasai duka huɗu, ja motar na minti ɗaya ko biyu, iskar waje ta share ta ciki, sannan ka rufe. Ledar rufe gilashi da fakin a inuwa suna rage wa esi wahala tun kafin ka kunna shi.

4. Danna AUTO, zaɓi lamba, janye hannunka

A nan zan daɗe, domin nan ne rashin fahimta ya fi yawa.

Mun taso da motocin da ake murɗa maɓalli zuwa shuɗi a ƙure fanka. Wannan ɗabi'ar muke kawowa cikin haibirid, sai mu hana ta aikin da aka gina ta don shi. Lambar da kake gani a allo, 22 ko 24, ba zafin iskar da ke fitowa daga rariya ba ce. Umarni ne kake ba motar cewa ga yanayin da kake so cikin ya koma. Yadda za a kai can, aikinta ne.

Tana yin lissafin ne da abin da na'urorin auna yanayi ke gaya mata, waɗanda masu gyara ke kira sensa:

- ta cikin mota, a bayan wata 'yar raga kusa da sitiyari, wajen gwiwar direba, tana auna zafin ciki;
- ta waje, a bayan bamba ta gaba, ita ke ba da lambar zafin gari da kake gani a allo;
- ta rana, wani ɗan ƙullutu baƙi a saman dashbod daf da gilashi, tana auna ƙarfin hasken da ke dukan motar;
- ta jikin ibaforeta, wato ƙaramin lagireton nan mai sanyi da ke ɓoye cikin dashbod, tana hana shi yin ƙanƙara;
- da ta matsin gas, wadda ke tsayar da kwamfuresa in gas ya yi ƙasa ko ya yi yawa.

Daga waɗannan ne kwamfutar ke yanke shawara huɗu a lokaci guda: saurin kwamfuresa, ƙarfin fanka, ƙofar da iska za ta fito (fuska, ƙafa ko gilashi), da ko iskar ciki za a juya ko ta waje za a jawo. Akwai kuma wani ɗan murfi a ciki da ke gauraya iska mai sanyi da mai ɗumi har a sami daidai.

Abin da za ka gani in ka danna AUTO a mota mai zafi shi ne, fanka ta ɗan yi jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi don kada ta watsa maka tururi a fuska, sannan ta tashi da ƙarfi kamar za ta cire hula. Ka ƙyale ta. Bayan 'yan mintoci, da ciki ya fara sanyi, da kanta za ta sassauta har ka manta tana aiki. In ka kasa haƙuri ka rage ta da hannu, fitilar AUTO za ta mutu, fankar ta tsaya a inda ka ajiye ta, ciki kuma ya daɗe bai huce ba.

Wace lamba? Ni a bazara 24 nake sawa, in rana ta yi tsanani in sauko 23. Saka 18 ba ya sa motar ta yi saurin sanyi, domin a mintocin farko ko 24 ka saka, iya ƙarfinta take bayarwa. Bambancin kawai shi ne a 18 ba za ta taɓa hutawa ba. LO kuwa, wato matakin ƙarshe na sanyi, ya fi muni: ka ce mata ta daina sauraron sensa, ta yi ta bugawa har illa masha Allah. Batir ya sauka, inji ya tashi ya cika shi, mai ya tafi.

*Kuskuren da ya zama ruwan dare:* motocin da aka shigo da su daga Amurka da ma'aunin Farenhait suke zuwa. Wani maƙwabcina ya ga 72 a allo ya ce motar ta haukace. Ba ta haukace ba. 72 shi ne 22 namu, 75 shi ne 24, 77 kuma 25.

*Gargaɗi:* ɗan ƙullutun nan na saman dashbod ba ado ba ne. In ka shimfiɗa kafet mai gashi a kansa, ko ka ɗora hula, ko takardun mota, ka rufe mata ido ke nan. Za ta ɗauka dare ne, ta rage sanyi da tsakar rana, kai kuma ka tafi neman gas. In dole sai ka sa kafet, a huda masa rami daidai wurin. Ita ma 'yar ragar da ke wajen gwiwa, ka riƙa goge ta da buroshi, kada ka rataya cazbi ko waya a gabanta.

In motarka tana da maɓallin DUAL ko SYNC, ɓangaren direba da na fasinja kowa da lambarsa. Duba su biyun kafin ka ce gefe ɗaya ya lalace.

5. ECO da maɓallin juya iska

Maɓallin ECO, ban da lafar da totur, yana rage wa esi ƙarfi. Da safe ko da daddare ba za ka ji bambanci ba. Da azahar a watan Maris kuwa, da mutum biyar a mota, kashe shi har ciki ya yi sanyi, daga baya ka mayar. Mutane da yawa sun biya kuɗin gas alhali ECO ne kawai a kunne.

Maɓallin juya iska shi ne mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta. A AUTO motar na zaɓa da kanta, amma ba ta ganin ƙura, ba ta jin wari. In ka shiga bayan tirela a hanyar Jos, ko ka sauka kan hanyar birji, danna shi da hannunka. A doguwar tafiya kuma, kamar Bauchi zuwa Gombe, ka riƙa sakin iskar waje jefi-jefi, domin iskar da mutane suka yi ta maimaitawa tana kawo gyangyaɗi.

Prius daga 2016 tana da tsarin S-Flow, wasu haibirid na Hyundai da Kia kuma suna da maɓallin direba kaɗai. Duka biyun suna taƙaita iska ne ga kujerun gaba ko ta direba kaɗai don tsimi. In da mutane a baya, ko zafi ya yi yawa, kashe shi.

6. Nemo hancin batir

Zagaya kujerar baya ka duba. A Prius ta 2004 zuwa 2015 za ka ga wata raga a gefen kujerar ta hannun dama, kusa da ƙofa. A sababbi tana ƙasan kujera, a wasu tsofaffin Camry kuma tana can bayan majingina, ƙarƙashin gilashin baya. Ta nan wata fanka ke zuƙo iskar cikin mota ta bi da ita ta tsakanin batir ta fitar waje.

Na taɓa bin wani kawuna zuwa Alƙaleri cikin bazara a tasa motar. Esi a kashe, gilasai a sauke, wai tattali. A baya kuma an cusa darduma da jakar kaya daidai kan ragar nan. Ba mu yi nisa ba sai wani gurnani ya taso daga bayanmu kamar injin busar gashi, injin motar kuma ya ƙi mutuwa ko a gangara. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan motar taku ta zamani ba ta son hanya." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a tsaya, numfashi muka toshe mata." Muka janye dardumar, muka rufe gilasai, muka sa AUTO a 24. Kafin mu kai inda za mu, gurnanin ya lafa.

Abin da ya faru shi ne, in batir ya yi zafi kwamfuta na rage amfani da shi don kare shi, sai nauyin ya koma kan inji. Ka kashe esi don tsimin mai, ga shi inji na shan man da ya fi wanda ka tsimi, batir kuma na tsufa kafin lokacinsa.

Aikinka a nan:
- kada kaya, mayafi ko babbar riga su rufe ragar;
- goge ta da buroshi akai-akai, musamman bayan hunturu;
- in tana da 'yar matata a ciki, cire ta ka kakkaɓe;
- sau ɗaya a shekara ka sa wanda ya san haibirid ya ciro fankar ya wanke ƙura da gashin da suka daskare a fikafikanta.

*Gargaɗi:* ka ja wa masu wankin mota kunne. Ruwa bai kamata ya shiga wannan ragar ba ko kaɗan, kai tsaye wajen batir zai nufa.

7. In za ka tsaya jira, sa P

Kana jiran yara a ƙofar makaranta da esi a kunne, za ka ji inji ya tashi na ɗan lokaci ya mutu, can ya sake tashi. Lafiya lau ne, batirin da kwamfuresa ta zuƙa yake mayarwa. Amma hakan na faruwa ne in giya tana P ko D. A N, haibirid ɗin Toyota ba ta cajin babban batir, esi zai yi ta ja har allo ya fara yi maka kashedi. Tsohuwar ɗabi'ar sa mota a furi a cunkoso, ka bar ta a tsohuwar mota.

*Gargaɗi:* shirun motar yaudara ne. Kada ka bar ta a READY cikin gareji a rufe, kada ka kwanta barci a ciki a wurin da iska ba ta zagayawa. Inji zai tashi da kansa, hayaƙin salansa kuma yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Kada ka bar yaro shi kaɗai a ciki da sunan ai esi na aiki. Kafin ka fita, tabbatar READY ta mutu.

8. Hunturu da damina

Da asubahin Disamba ko Janairu, in ka bar lamba a 24 alhali gari ya fi haka sanyi, AUTO zai nemi ɗumi. Ɗumin kuwa daga ruwan inji yake fitowa, don haka inji zai yi ta aiki har ruwan ya yi zafi, fanka ma ba za ta tashi sosai ba sai ya ɗumama. In ba ka bukatar ɗumin, sauke lambar ko ka kashe tsarin gaba ɗaya, inji zai huta.

Da damina in gilashi ya yi hazo, danna maɓalli mai hoton gilashin gaba. Zai kunna kwamfuresa ya jawo iskar waje, domin busasshiyar iska ce ke share hazo. Kada ka kashe A/C a lokacin. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota bayan ka tsaya kuwa, gumin ibaforeta ne. In ka daina ganinsa, kafet ɗin gefen fasinja kuma ya jiƙe, ɗan tiyon da ke fitar da shi ya toshe.

9. In sanyi ya ragu, fara daga mai araha

Bi wannan jerin kafin ka kashe ko sisi.

Na farko, ECO a kashe yake? Fitilar A/C a kunne take? Ba a rufe sensar rana ba?

Na biyu, filtar iska. Tana bayan durowar gaban fasinja. Matse gefunan durowar ta sauko, zare murfin, jawo filtar. Ranar da na fara ciro tawa bayan hunturu, ja-wur take kamar an tsoma ta a jar ƙasa, da busassun ganyen darbejiya a maƙale. Littafin mota da ƙurar wata ƙasa ya yi lissafi, mu nan sauyi biyu a shekara bai yi yawa ba. Lura da kibiyar da ke jikinta wajen mayarwa.

Na uku, kwandensa, wadda ke gaban lagireto. Kashe mota, wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga gaba. Ruwa mai matsi yana lanƙwasa siraran haƙoranta. Sannan ka kunna esi ka duba ko fankokin da ke bayanta suna juyawa. In sanyi na zuwa a kan gudu yana ɓacewa a tsaye, yawanci nan matsalar take.

Na huɗu, gwaji. A inuwa, sa LO, juya iskar ciki, soka ma'aunin zafi a rariyar tsakiya na minti biyar zuwa goma. Lafiyayyen esi kan sauko da shi wajen digiri 10 ko ƙasa.

Na biyar, yawancin Toyota da Lexus suna faɗin ciwonsu da kansu. Danna AUTO da maɓallin juya iska tare, riƙe su, sannan ka kunna motar. Lambobi za su fito a allo: 00 babu matsala, 11 sensar ciki, 12 ta waje, 13 ta ibaforeta, 21 ta rana, 23 matsin gas. In a inuwa ko da dare ka gwada, 21 na iya fitowa ba don ta lalace ba, don babu rana ne kawai.

10. Wajen mai gyara: gas, mai da kuɗi

Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma ƙari ba tare da toshe wurin ba zubar da kuɗi ne. A haibirid ma abin ya wuce kuɗin gas, domin gas ɗin ne ke sanyaya ɗan injin lantarkin da ke cikin kwamfuresa. In ya yi ƙasa ka ci gaba da matsa mata, za ta ƙone.

Duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ita za ta gaya maka irin gas ɗin, R134a a yawancin waɗanda ke hannunmu, R1234yf a sababbi, da nauyinsa. Na Prius bai cika rabin kilo ba. A zuƙe iskar cikin bututu tukuna, sannan a zuba gas da sikeli, kada a yi da ƙiyasin ido.

Sai babbar magana, man kwamfuresa. Motocin yau da kullum suna amfani da mai irin PAG. Kwamfuresar lantarki ta Toyota kuwa ND-11 take sha, wanda ba ya ɗaukar wuta, domin man yana taɓa wayoyin da ke cikinta kai tsaye. PAG kaɗan ya shiga, wuta ta fara zurarewa zuwa jikin ƙarfe, jan alwatika ya fito a dashbod, in aka sa kwamfuta a ga lambar matsala P0AA6, wani lokaci motar ta ƙi shiga READY gaba ɗaya. Gyaran kuma yakan kai ga sauya kwamfuresa da sauran sassan da man ya ratsa.

Saura ƙiris ya faru da ni a wani shago da ba zan ambata ba. Ina tsaye mai gyaran ya ɗauko tiyon da ya gama aiki da shi a kan wata bas, ga gwangwanin mai a ɗaya hannun. Na ce, "Malam, wane mai ne wannan?" Ya ce, "Yallaɓai, ai duk esi esi ne." Na biya shi ladan dubawa na ja motata.

Tambayoyi uku za ka yi kafin a kwance ko noti ɗaya: wane mai za ka sa, nuna mini gwangwanin, kana da tiyo na haibirid daban wanda bai taɓa PAG ba, da sikeli za ka auna? Ka kuma guji ƙananan gwangwanayen gas da aka riga aka gauraya da mai, ko maganin toshe yoyo, ko launin gano yoyo, sai an rubuta a jiki cewa na kwamfuresar lantarki ne.

Farashin kayan nan da dala yake tafiya, don haka ka tambayi shago biyu ko uku a ranar da za ka saya. Jerin nauyinsu dai ba ya canzawa: filta da wankin kwandensa su ne mafi sauƙi, sai sensa da wankin fankar batir, sai gyaran yoyo da gas, sannan kwamfuresa, can sama kuma babban batir. In ta kama sai an sa kwamfuresar Beljiyam, a daidaita lambar jikinta da ta tsohuwar, a duba bakunan bututunta a toshe suke ba su sha ƙura ba, a juye tsohon man da ke ciki a zuba sabon ND-11 a gabanka, kuma a cire filogin tsaron babban batir kafin kowa ya sa hannu a wayar ruwan lemo.